Rasuwar Goggo, Wayar da Ke Auna Taurari

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni kafinta, a madadin kaina da iyalina da ɗaukacin 'yan ƙungiyarmu ta masu haɗa zangunan wasan kiɗa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayata, wadda kowa ya fi sani da Goggo. Ta cika ne a kan teburin mai gyaran waya, bayan doguwar jinya ta kumburin batir, tana da shekarun da ko kamfanin da ya ƙera ta ya daina ƙirga mata. Mun sa mata Goggo ne saboda hali biyu: ba a gaggauta ta, kuma in ta ɗauki zafi kowa sai ya ji a jikinsa.

Saboda masu karanta wannan sanarwa da ba su san sana'ar marigayiya ba, bari in yi bayani a taƙaice. Akwai wani wasa da ake yi a waya. Kiɗa na tashi, ɗige-ɗige na gangarowa daga saman gilashi, kai kuma kana buga kowanne da yatsa daidai lokacin da ya sauka kan layi. Ka yi latti ka faɗi, ka yi gaggawa ka faɗi. Masu wasan kuma ba su tsaya ga abin da kamfani ya ba su ba. Kowa yana iya ɗaukar kiɗan da yake so ya jera masa ɗigo da kansa, shi ne muke kira zango. Kowane zango sai an maƙala masa taurari, daga ɗaya zuwa goma, don mai shiga ya san ko ruwan iya idon sawu ne ko mai cin mutum. To wa zai ce wannan uku ne, wancan bakwai? A nan Goggo ta shiga tarihi.

Marigayiya ta zo hannuna tana bazawara, ni ne na biyu a wurinta, wasu ma sun ce na uku. Ban saye ta don wasa ba. Na saye ta ne don masu ba ni aiki su riƙa kira suna tambayar ina ƙofarsu, ni kuma in riƙa ce musu gobe. Amma da yake shagona yana da inuwa da dogon benci da wurin sa caji, sai 'yan wasa suka mai da gabansa majalisa. Da la'asar za su taru, kowa ya kwantar da wayarsa a hannu, manyan yatsu na rawa, ni ina gefe ina goga samfefa ina kallo. A wancan zamani kowa shi yake ba zangonsa taurari, kuma ba wanda ke ba ɗansa ƙasa da takwas. Kullum sai an tashi baram-baram.

Wata rana cajin wayar wani mai aski ya ƙare. Mai askin nan shi ne gwanin majalisa, har Walƙiya muke kiransa saboda saurin yatsunsa. Ya ari Goggo ya buga wani zango mai ruwan ɗigo, ya gama, ya miƙo mini. Hannuna ya yi kanta da riƙon guduma, ko garwashi na ɗauka sai an jima nake ji, don haka ban lura da komai ba. Sai ga kiran maiɗakina ya shigo. Na kara wayar a kunci, na ji ta zau kamar wuta, na yi tsalle na watsar da gwangwanin ƙusa. Da aka gama dariya, wani ya ce a gwada zango mai sauƙi a gani. Aka bar ta ta huce, aka buga, na kara a kunci, na ji ta lau. Aka kalli juna.

Ba a watse ranar ba sai da aka kafa doka. Duk wanda ya haɗa zango zai kawo shi shagona, a loda wa Goggo, Walƙiya ya buga daga farko har ƙarshe, sannan a miƙo mini ita in ɗora a kuncina na dama. In na ji ta da sanyin gindin randa, tauraro ɗaya ko biyu ke nan. In ta yi ɗumin ƙwan da kaza ta tashi a kai, uku zuwa biyar. In ta kai kofin shayi, shida ko bakwai. In na ɗaga gira, takwas. In na janye fuskata ina tsaki, tara. Goma kuwa ba mu taɓa bayarwa ba, don an yarda duk ranar da aka kai goma, asibiti za a wuce da ni.

Kuncina aka zaɓa ba don ya fi na kowa kyau ba, sai don ba ni da ɗa a cikin masu jarrabawar. Ban taɓa haɗa zango ba, kuma kowa ya san ban iya wasan ba. Yatsuna manya ne, gilashi ba ya jin su sai na danna kamar mai kafa ƙusa, kafin in ɗago kuwa ɗigo uku sun wuce suna ɗaga mini hannu. Kafin Goggo ni mai benci ne kawai, wanda ake gaisarwa don a samu wurin zama. Da Goggo na zama Alƙali. Har daga nesa ake turo zanguna ta zauren hirar ƙungiya na waya a ce a jira bakin Alƙali. Ina son wannan suna, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ke wuni da katako, abin da ba ya amsa gaisuwa, ya san daɗin a yi shiru ana jiran abin da zai faɗa.

Halayen marigayiya na kirki ba sa lissafuwa. Ba ta taɓa karɓar na goro ba. Ba ta san ɗan wane ba, zangon mai kuɗi da na talaka duk batir ɗaya suke ci. In an kunna ta takan ɗauki lokacinta, ta yi shiru har ka zaci ta fasa, sannan ta ce "tiriring" cikin natsuwa. In ta ƙoshi da caji ta ce "tin". In yunwa ta kama ta ta ce "tut-tut, tut-tut", ba ta daina ba sai an ba ta. Ta faɗi daga kan teburi sau ba adadi, ta sha garin katako, ta taɓa kwana a aljihun rigar da aka jiƙa za a wanke, amma ta tashi ta ci gaba da shari'a.

Sai dai ko mamaci ake yabo, gaskiya ba ta kwana a waje. Goggo ba wahalar zango take aunawa ba, wahalar kanta take aunawa. Da zafi ya shigo, kowane zango sai ya ƙara tauraro biyu ba tare da an taɓa shi ba. Ranar da aka yi ruwa kuwa, manyan zanguna su zube warwas. 'Yan wasa, da yake ba su da aiki sai lura, suka gano lagonta. Suka fara cika zangunansu da walƙiya da furanni da wuta mai juyawa a bayan ɗigo, abin da ba ya wahalar da yatsa ko kaɗan amma yana dafa batir. Shi kansa Walƙiya na taɓa kama shi ya ajiye Goggo a kan kwanon rufin kejin kajin maƙwabcina, cikin rana, ana saura kaɗan a gwada zangonsa. Ya ce wai ta gaji da inuwa ne ya kai ta shan iska.

Abin da ya tsinke igiya shi ne zangon ƙanwata. Autarmu ce, malamar lissafi, kuma tun tana ƙarama ba ta barin magana a inda ta same ta. Ta haɗa wani zango mai sanyin kiɗa, ɗigonsa kaɗan, ba ado ba walƙiya. Amma kowane ɗigo yana zuwa ne a inda kunne bai zata ba, kiɗan ya yi kamar zai tafi ya tsaya, ya yi kamar ya tsaya ya tafi. Walƙiya da kansa sai da ya yi gumi kafin ya gama. Na ɗora Goggo a kunci, na ji gindin randa. Doka doka ce, na ce tauraro biyu. Sababbin shiga suka ga biyu suka afka ciki da murna, zangon ya yi ta watsa su waje. Akwai wani tsohon direba da ya ajiye aiki, ya shigo ƙungiya don ya rage zaman banza. Ya gwada har ya gaji, ya ce in wannan ne biyu to shi bai ga abin da zai jira ba, ya goge wasan daga wayarsa. Ƙanwata ta ji zafin abin, ta ce ba ta haɗa zango don ta kori dattijo ba, dole a sake duba dokar taurari.

A shagona aka yi zaman, a kan bencina, Goggo tana kan teburi tana shan caji tana jin komai. Ƙanwata ta yi bayani tiryan-tiryan, ba wanda ya iya ja da ita, har ni. Aka ce daga yau zafin waya ba hujja ba ne. Aka ce za a duba yawan ɗigo da saurinsu da irin yaudarar da ke cikin kiɗa. Aka ce mutum uku za su buga kowane zango, kowa a wayarsa, a haɗa bakinsu. Sannan aka zo kan sharaɗin ƙarshe, cewa ba mai ba zango tauraro sai wanda ya buga shi da yatsunsa ya kai ƙarshe. Ba wanda ya kalle ni lokacin da aka faɗi wannan, kuma rashin kallon ya fi kallon ciwo. Walƙiya ya ce ai in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Na ce haka ne, na ɗauko zarto na fara yanka wani katako da ba ya bukatar yanka.

Daga wannan zama Goggo ba ta ƙara lafiya ba. Cikinta ya fara tasowa har murfin baya ya ɗaga, sai da na ɗaure ta da roba. Takan mutu tana tsakiyar kira, ta farfaɗo ba wanda ya taɓa ta. Na kai ta wurin mai gyaran waya, wanda muke ce wa Likita. Ya buɗe ta, ya leƙa, ya girgiza kai irin na masu sana'arsa, ya ce batir irin nata ya ƙare a kasuwa tun kafin ya koyi aiki. Ni na ce baƙin cikin tsige ta ne ya kwantar da ita. Likita ya ce shekara da shekaru ana dafa ta kowace yamma don neman tauraro, abin mamakin shi ne da ta kai yanzu. Ya sa mata caji na ƙarshe. Ta haska, ta nuna rabin tambarin kamfaninta, ta ce "tiri", ba ta ƙarasa ba, ta yi ɗif.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda, wadda ba ta aiki sai an lanƙwasa wuyanta an danne da kwalbar gam. Ta bar iyafis mai kunne ɗaya, ɗayan ya riga ta gidan gaskiya. Ta bar rigar roba da ta koma ruwan ƙasa, da robar da ta riƙe ta a jinyarta ba dare ba rana. Ta bar zanguna masu yawa da suka ci taurarin da ba nasu ba, yanzu duk suna zaman ɗar-ɗar. Ta kuma bar ni.

Masu tambayar me ya sa sanarwa ta yi jinkiri, ga dalili. Bayan rasuwarta benci ya zama fayau. Tunda kowa a wayarsa yake gwaji, ba mai bukatar zuwa. Zauren ƙungiya ya cika da taurari, ni kuwa ina leƙawa ta wayar maiɗakina, ba mai cewa a jira bakin kowa. Da la'asar in share gaban shago, in goge benci, in zauna a kai ni kaɗai. Na yi kewarsu ƙwarai, har rigimarsu na yi kewa. Maiɗakina ta ce ko ba komai yanzu masu ƙofa za su samu ƙofarsu, kuma kuncina na dama zai dawo launi ɗaya da na hagu. Na yi dariya don kar ta ji ba daɗi. Duk lokacin da na ɗauki biro zan rubuta sanarwar Goggo, sai in ga kamar tawa nake rubutawa, in ajiye.

Ashe sabuwar doka ma da nata yoyon. Ta sama dai ta gyaru, daga shida zuwa tara ba mai ƙorafi, har zangon ƙanwata ya tashi daga biyu ya koma bakwai, na Walƙiya mai furanni ya sauko daga tara ya zauna a huɗu yana huci. Matsalar tana ƙasa. Gwanaye ne ke gwaji, su kuwa duk abin da bai kai biyar ba ruwan sha ne a wurinsu. Su buga zango suna hira, suna hamma, su ce ɗaya. Su buga wani wanda ya ninka shi wuya, su ce shi ma ɗaya. Sababbin shiga suka ci gaba da faɗuwa a tauraro ɗaya, abin ma ya fi na da muni, don wanda ɗaya ya kayar ba shi da inda zai koma. Aka gwada sa sababbin su riƙa aunawa da kansu. Sai aka ga ba su daɗewa suke gogewa, wanda ya ce zango ya yi masa wuya yau, sati mai zuwa yana buga shi da ido ɗaya. Ma'auni ba ya yiwuwa da abin da ke girma.

Ina cikin haɗa ƙafar wata kujera sai ga ƙanwata da Walƙiya. Ya gaishe ni har da ɗan rusunawa, abin da bai taɓa yi ba, na san da magana. Ta miƙo mini wayarta ta ce in buga wani zango. Na ce ta san dai ban iya ba. Ta ce ta sani, in buga. Na goge hannu a riga na buga, ban kai rabi ba wasan ya kore ni. Suka kalli juna da murna, kamar na ci gasa. Ta sa wani, na kai kusa da ƙarshe na faɗi. Ta sa na uku. Wannan kam ɗigonsa na tafiya kamar suna jin tausayina, ɗaya ya sauka sai ya jira in ɗago yatsa kafin ɗan uwansa ya biyo. Ina dannawa, ina gumi, har kiɗan ya ƙare ban faɗi ba. Tunda nake ban taɓa ganin ƙarshen zango da yatsuna ba sai ranar.

Ƙanwata ta karɓi wayarta ta zauna kusa da ni.

"Yaya, mun duba ƙungiyar nan kaf," in ji ta, "ba wanda ya kai ka rashin iyawa. Kuma kai kaɗai ne shekara da shekaru ba ka ƙaru ba, ba ka ragu ba. Kai muke nema."

Na tambaye ta ko zagi ne ko naɗi. Ta ce duka biyun, in zaɓi wanda zan fara amsawa. Walƙiya ya bayyana mini gyaran da aka yi wa dokar. Duk zangon da ake zaton mai sauƙi ne, shagona za a kawo shi. In na gama shi, ɗaya ne. In na faɗi kusa da ƙarshe, biyu. In na faɗi a tsakiya, uku. In ya kore ni tun daga bakin ƙofa, ya wuce hurumina, a kai wa gwanaye. Sharaɗi ɗaya suka gindaya mini, kada in kuskura in yi atisaye a ɓoye, don in na ƙware na cuci jama'a. Na ce su kwantar da hankalinsu ta wannan fannin. Na juya na yi kamar ina neman guduma, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so auta ta samu abin faɗa a gida.

Tsohon direban nan ya dawo. Ya buga zangon da na gama, ya gama shi shi ma, ya tashi ya ba ni hannu ya ce yanzu ya san ɗaya ɗaya ne. Shi ya fara zama a benci ranar, sauran suka biyo baya ɗaya-ɗaya, kowa da uzurin da ya kawo shi, wai caji.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Likita ya cire batir ya ce shi zai kai wa masu karɓar irinsa, ya kuma gargaɗe mu kada a binne shi ko a jefa shi a wuta, don marigayiya tana iya yin magana ta ƙarshe da ƙarfi. Gangar jikin kuwa na yi mata akwati da ragowar katako mai kyau, na goge shi na shafa masa mai, kuma shi ne aiki na farko da na gama kafin ranar da na ɗiba. Za a ajiye ta a kanta ta sama a cikin shago, tare da cajarta, gobe da hantsi. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo wayoyinsu sababbi kusa da akwatin, don kada a ci fuskar mamaciya. Wanda zangonsa ya ci tauraro a hannunta ba bisa ƙa'ida ba, ya zo ya nemi yafiya a hankali, ba sai ya ambaci kejin kaji ba.

Za a karɓi gaisuwa a gaban shago, benci na nan, an ƙara wani. Masu dariya in suna kallon yatsuna su riƙa juya baya, don dariya na ruɗa ni in faɗi kafin lokacina, a zalunci zangon bawan Allah. Sannan ina roƙon duk mai zuwa ya zo da wuri ya gama ta'aziyyarsa kafin la'asar. Daga la'asar ba ni da lokacin kuka, zanguna sun yi mini layi, kuma in ban zauna na faɗi ba, ba wanda zai san inda sauƙi ya ƙare.